Wasiƙa Zuwa ga Masu Fassarar Katun: Ku Bar Yaro da Tambayarsa

'Ya'yana,

Zan fara da abin da ya wajaba a kaina. Kun yi aiki. Yaron da bai san zo in kashe ka da Turanci ba, yau yana bin labarin Batman da Spider-Man daga farko har ƙarshe da harshen da ya sha a nono. Kun iya daidaita murya da motsin baki, kun iya barkwanci, kuma da yawanku da tsohuwar kwamfuta kuke wannan aiki, ga wutar da ba ta zama. Allah ya saka muku da alheri. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kwanakin baya jikana ya dawo daga shagon masu tura fina-finai da Teen Titans a waya, fassarar Hausa, zango na biyu. Ya zauna a bakin tabarmata, ni ma na matso. Aka nuno wata yarinya siririya mai gashi ruwan zinariya tana gudu a cikin kwazazzabo, wata ƙatuwar kunama na bin ta. Jaruman nan biyar, Robin da Starfire da Raven da Cyborg da Beast Boy, suka taho ceto, sai suka tarar ba ta bukatarsu, ta rikito wa kunamar duwatsu da kanta. Terra ke nan. Yaron ya miƙe zaune, idonsa ya buɗe. Kafin ta gama faɗin sunanta, sai muryar mai fassara ta shigo, ba da bakin kowa a cikin fim ɗin ba, da bakinsa shi kansa: "Ku lura da wannan yarinyar fa, maciya amana ce, yaran bos ce, za ku gani a gaba." Na dubi jikana. Ya koma ya kishingiɗa. Ya ci gaba da kallo, amma kallon wanda ke jiran a zo wurin da aka riga aka gaya masa.

Wanda ya yi wannan magana, ko wane ne shi, ya yi sata. Ba na neman kalma mai laushi, sata ce, kuma yaro ya sata.

Ku kun san labarin, don haka ba ni da abin ɓoyewa a nan. Waɗanda suka shirya wannan katun a Amurka, ƙarƙashin Glen Murakami, sun ɗauko labarin Terra ne daga littafin zane The Judas Contract na Marv Wolfman da George Pérez, na shekarar 1984, suka sāke masa zubi. Ku duba irin haƙurin da suka yi. Da farko sun nuna mana yarinya mai yawo ba gida ba dangi, wadda ƙasa da duwatsu ke bin umarninta amma ba ta iya riƙe linzaminsu. Ta roƙi Beast Boy ya rufa mata asiri, ya rufa. Robin ya gano da kansa, ya faɗa ba da mugun nufi ba, ita kuwa ta ɗauka Beast Boy ne ya tona ta, ta gudu da zuciya a karye. A can Slade, babban abokin gaban jaruman, ke jiranta. Da ta dawo, Raven ta ƙi yarda da ita, kuma mai kallo yana jin haushin Raven, yana ganin ta cika zargi. An yi haka ne da gangan. Ana so yaro ya so Terra, ya tsaya mata, domin ranar da ta ja Beast Boy yawo zuwa wurin wasanni yayin da sojojin ƙarfe na Slade ke fasa gidan jaruman, shi ma ya ji an ci amanarsa. Wannan zafin shi ne ribar zangon gaba ɗaya. Kai kuma ka zo a minti na biyu ka zubar da ita a ƙasa, don a san ka riga kowa gani.

Na san hujjarku, na ji ta ba sau ɗaya ba. Kuna cewa masu kallo ne ke damunku da tambaya: wane ne wannan, ina wance ta tafi, zai mutu ko ba zai mutu ba. Kuna cewa in kai ba ka faɗa ba wani zai faɗa, ya janye maka mutane. 'Ya'yana, ashe ba ku gane ba? Tambayar nan da ta dame ku ita ce jarinku. Mai kallon da ya matsa maka da "to sai me ya faru" shi ne zai dawo gobe. Wanda ka ƙosar da shi tun yau, me zai zo nema?

Ba baƙon ilmi ba ne wannan a wurinmu. Marigayi Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, a kan wannan dabara. Aku ba shi da ƙarfin da zai hana Musa ɗan sarki fita, ba shi da igiya ba shi da sarƙa. Da labari ya riƙe shi, kuma abin da ke riƙe mutum a labari shi ne abin da ba a faɗa masa ba tukuna. Da akun nan mai saurin baki ne irin na wasunku, da tuni mugun Wazirin sarki ya cimma burinsa. Kakata ma, Allah ya ji ƙanta, ba ta yi boko ba, amma in muka katse ta da cewa Gizo zai tsira ko Dodo zai cinye shi, sai ta yi shiru ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi, har sai mun nutsu. Ba ta taɓa amsawa ba. A zamanin da muke zuwa silima, in wanda ya riga ya ga fim ya buɗe baki zai faɗi ƙarshe, 'yan layinsa ne za su yi masa ca, wani lokaci har a tashe shi daga bencin. Mutane sun san haƙƙinsu ne. Na shafe shekaru ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, kuma darasin farko da magabatana suka koya mini shi ne inda za a yanke shiri. Mukan kwana muna gardama a kan layi ɗaya. Yanzu in na ji yaro na watsar da abin da muka ɗauka amana, raina yakan ɓaci fiye da yadda zan iya rubutawa.

Wannan saurin baki yana da ƙane, wato laƙaba wa mutum "bos" tun kafin ya yi motsi. A bakinku duniya akta ce da bos, shi ke nan. Ku koma ku kalli Heart of Ice, cikin Batman na 1992, wanda Paul Dini ya rubuta, Bruce Timm ya ba da umarni. Kafin wannan kashi, Mr. Freeze ɓarawo ne kawai mai bindigar ƙanƙara. Dini ya buɗe da shi yana kallon wata 'yar tsana mai rawa a cikin ƙwallon gilashi, bai gaya mana ko wace ce ba. Sai da labari ya yi nisa Batman ya samu wani kaset, muka ga Nora, matar Freeze, kwance cikin sanyi tana jiran magani, muka ga mai kamfani ya zo ya kashe na'urar saboda kuɗi. Wannan kashi ya ci lambar Emmy ta rubutu, kuma daga baya littattafan Batman kansu suka ɗauki labarin Nora. In ka fassara shi kana kiran mutumin nan bos daga farko, kana saka masa dariyar mugunta da babu ita a asali, to ka fassara kalmomi ka kashe labari.

Laifi na biyu ya fi na farko muni, domin na farko sata ne, wannan kuwa ƙarya ce. Akwai tambayoyin da masu labari suka bari a buɗe da niyya, ku kuma sai ku ƙirƙiro musu amsa ku liƙa da bakin jarumi. Red X na Teen Titans shi ne babban misali. A zango na farko Robin ne da kansa ya ɗinka wannan shiga, baƙar riga da fuskar ƙoƙon kai, don ya kusanci Slade, ya yaudari har abokansa. A zango na uku, cikin 2004, wani ya sace rigar ya saka. Wane ne? Katun ɗin ya yi zango biyar, kashi 65, daga 2003 zuwa 2006, bai cire wa mutumin nan abin fuska ba. Beast Boy ya jero hasashensa, a ciki har da sunan Jason Todd, amma hasashe ne, kuma cikin raha aka kawo shi. Sai ga shi na ji wata fassara an sa Red X da bakinsa yana cewa shi ne Jason Todd, ƙanen Robin. Daga ina? Jason Todd ba ƙanen kowa ba ne, shi ne Robin na biyu a littattafai, wanda aka kashe a 1988 bayan an ba masu karatu damar jefa ƙuri'a ta wayar tarho, masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal. Bai dawo a matsayin Red Hood ba sai 2005. Mai kallo yana da 'yancin ya zaci shi ne, mutane da yawa sun zata, kuma zato ne mai daɗi. Amma kai mai fassara amana aka ba ka. Yaron da ke sauraronka ba shi da hanyar bincike, abin da ka faɗa shi ne fim ɗin a wurinsa. Zai je makaranta ya rantse a kan ƙaryarka.

Haka kuke yi wa kashi na ƙarshe na Teen Titans, na Janairun 2006. Terra ta riga ta juya wa Slade baya, ta tsayar da dutse mai aman wuta, ta zama dutse ita ma. Sai Beast Boy ya hangi wata 'yar makaranta kamar an tsaga kara, ya bi ta, ta ce ba ta san shi ba, ba ta tuna komai ba, jarrabawa ce a gabanta. Ita ce ta manta? Ita ce ta zaɓi ta manta? Ko wata ce dabam? An rufe labari a nan, yana tafiya amsa kiran abokansa. Shekara da shekaru ke nan mutanen da suka kalla suna yara suna tauna wannan ƙarshe, wasu da haushi, wasu da hawaye. Wani a cikinku ya ga abin ya yi masa gibi, ya cike da cewa aljani ne ya shafe ta. Haba! Wa ya aike ka?

Ku gafarce ni in na yi zafi. Na san ba mugunta ba ce, son burge mai kallo ne, da tsoron kada a ce ba ka sani ba. Amma ku dubi Greg Weisman, wanda ya yi Gargoyles a 1994, sannan shi da Brandon Vietti suka yi Young Justice a 2010. Ya shafe shekaru yana amsa tambayoyin masu kallo ɗaya bayan ɗaya, zai gaya maka shekarun jarumi, zai gaya maka dalilin da ya sa aka zaɓi wane aka bar wane. Da ka tambayi abin da ke gaba, sai ya ce ba zai ce komai ba, kuma ba ya jin kunyar maimaitawa. Zangon farko na Young Justice kacokan a kan tambaya ɗaya ya rataya, cewa akwai munafuki a cikin tawaga, kuma ba a bayyana shi ba sai a ƙarshe. Ni ma ba zan faɗi sunansa a nan ba, don akwai wanda bai gani ba. An dakatar da shirin a 2013 da sauran tambayoyi a rataye, masu kallo suka ƙi haƙura, suka yi ta nacin kallo da roƙo, har aka dawo da shi a 2019. Da an ƙosar da su tun farko, da babu wanda zai nemi ƙari.

Ba na hana ku bayani. In al'adar Amurka ce yaro ba zai gane ba, ku yi masa bayani a taƙaice. In wasa da kalma ne da ba ya shiga Hausa, ku nemo masa namu, kun iya wannan fiye da ni. In kuma kuna da hasashe a kan Red X, ku ware masa shiri dabam bayan an gama kallo, ku ce ga zatona, ku bar yara su kawo nasu, a yi ta musu har dare. Abin da nake roƙo kaɗan ne: abin da mai labari ya jinkirta, kada ku gaggauta shi, abin da ya rufe, kada ku fasa shi da ƙarya.

Jikana ya gama zango na biyu. Da Terra ta ci amana bai ce komai ba, ya miƙa mini wayar ya tafi ƙwallo. Zango na uku yana nan tafe a wurinsa, kuma daga hannun ɗayanku zai karɓe shi. Don Allah, 'ya'yana, in ya zo wurin Red X, ku yi shiru ku bar shi ya tambaya.

Wassalam.

Naku,
Babanku a sana'a.