Dokar lantarki: Tarar Abuja ba ta isa ba sai ta bayyana a takardar mai shago a Kwadon

Garin Kwadon da ke ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba yana bakin birnin Gombe, kan hanyar da ta nufi Dadin Kowa, inda madatsar ruwa ke samar da wutar lantarki megawat 40. Mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a garin suna cikin yankin kamfanin rarraba lantarki na Jos, JED, wanda ke kula da jihohin Filato, Bauchi, Binuwai da Gombe. A irin wannan gari, mai nisa da ofisoshin Abuja, ake gane ko dokar lantarki tana aiki.

Ƙa'idojin a rubuce suke. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ƙayyade iyakar kuɗin da za a caji wanda ba shi da mita. Tsarin rukuni ya ce wanda ke rukunin A zai samu wuta aƙalla sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Hukumar ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, kuma bai halatta a yanke wa wanda ya biya wuta saboda bashin maƙwabcinsa ba.

Cikas ɗin yana wajen bin su. A Fabrairun 2024 NERC ta zaftare naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar da aka amince wa kamfanonin rarraba wuta 11, saboda sun zarce iyakar cajin ƙiyasi. A Afrilun 2025 ta sake cin tarar kamfanoni takwas, har da na Jos, naira miliyan 628 a kan laifi iri ɗaya, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane rarar kuɗinsu. Idan aka hukunta kamfani a bara, aka sake kama shi a bana, to ya ɗauki tara a matsayin kuɗin gudanar da kasuwanci ne kawai.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manajan yanki ana auna shi da yawan kuɗin da ya tara a ƙarshen wata. Tarar kuma hedikwata ce ke biya. Muddin ƙarin girmansa bai rataya a kan bin ƙa'ida ba, zai ci gaba da kallon umarnin hukuma a matsayin matsalar lauyoyin kamfani.

Gyaran yana da matakai uku. Na farko, kowane ofishin yanki ya liƙa rukunin kowane layin wuta da iyakar cajinsa na wata, da Hausa da Turanci, inda jama'a za su gani. Na biyu, kuɗin da aka ce a mayar ya fito ƙarara a takardar biyan wuta, da adadinsa da watan da ya shafa. Na uku, a riƙa tambayar manaja koke nawa ya karɓa, nawa ya warware cikin kwanakin aiki 15 da ƙa'ida ta tanada, a kuma saka amsar cikin ma'aunin aikinsa.

Masu kamfanonin suna da tasu hujjar: satar wuta, lalata turaku da bashin da ba a biya. A Afrilun 2024 ɓarayi sun karya turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Arewa maso Gabas ta shafe makonni cikin duhu. A nan ne ma'aikatan tarayya ke da alhaki. A Fabrairun 2024 kamfanin AEDC ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi sama da naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa. Gwamnatin da ba ta biyan kuɗin wutarta tana raunana bakinta a gaban waɗanda take hukuntawa. Duk babban sakatare ko daraktan kuɗi da ya danne takardar wuta a aljihun tebur ya sani cewa giɓin a kan marasa mita yake sauka.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar karɓar ragamar sa ido, kuma Inugu, Ekiti da Ondo sun karɓa tun 2024. Sauya ofishi daga Abuja zuwa babban birnin jiha ba zai amfani kowa ba idan manajan yanki bai sauya hali ba. Ranar da mai niƙa a Kwadon ya ga an mayar masa da rarar kuɗinsa ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba, ranar ce dokar ta iso garin.