Buɗaɗɗiyar Wasiƙa zuwa ga Firayim Ministan Kamaru kan Rufe Makarantu a Lokacin Annoba

Zuwa ga Mai Girma Firayim Minista, Shugaban Gwamnatin Jamhuriyar Kamaru, Yawunde.

Wannan wasiƙa ta taso ne daga Garwa, babban birnin Jihar Arewa, domin ta gabatar da abin da iyayen yara da malaman makaranta na jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suka ɗanɗana kuma suke faɗa game da rufe makarantu a lokacin annoba. Buƙatarta guda ce, ita ce gwamnati ta tsara rubutacciyar ƙa'ida tun yanzu da hankali yake kwance, wadda za ta fayyace halin da zai sa a rufe makaranta, da wanda ke da ikon rufewa, da tsawon lokacin da za a ɗauka, da hanyar da za a bi a ji ta bakin iyaye da malamai kafin a yanke hukunci.

Mai Girma ya fi kowa sanin yadda al'amarin ya kasance. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Yawunde ranar 6 ga Maris 2020, sannan ranar 17 ga Maris Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakai 13 bisa umarnin Shugaba Paul Biya, waɗanda suka haɗa da rufe iyakokin ƙasa, da hana taron da ya wuce mutum 50, da rufe dukkan makarantun gwamnati da na kuɗi daga washegari, tun daga na renon yara har jami'o'i. Ranar 1 ga Yuni aka buɗe wa ɗaliban jami'a da 'yan ajin da ke shirin jarrabawar ƙasa, sauran yara kuwa ba su sake ganin allon aji ba sai ranar 5 ga Oktoba, lokacin da sabuwar shekarar karatu ta fara. Ko da an cire dogon hutun da aka saba yi da damina, ƙarshen zango na biyu da zango na uku baki ɗayansa sun salwanta, sannan sabuwar shekara ta makara da wata guda.

Babu mai adalcin da zai zargi gwamnati kan matakin farko, domin a wancan lokacin likitocin duniya ba su gama fahimtar ƙwayar cutar ba, kuma hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190. Abin da ya tsaya wa mutanen arewa a rai abu biyu ne. Na farko, a ranar da aka ba da umarnin, waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da cutar suna kudancin ƙasar ne, amma aka rufe makarantar ƙauye a Mayo-Rey da Faro daidai da yadda aka rufe ta tsakiyar Duwala. Na biyu, ranar 30 ga Afrilu 2020 gwamnati ta sassauta wa mashaya da gidajen abinci dokar rufewa da ƙarfe shida na yamma, alhali ƙofofin makarantu suna garƙame, kuma kasuwanni irin ta Pitoa da babbar kasuwar Garwa suna ci. Uban da ya ga ɗansa yana kutsawa cikin cunkoson kasuwa da rana, an kuma ce masa zaman aji ne haɗari, dole ya yi tambaya a kan ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Ra'ayin iyaye bai zama ɗaya ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara. Akwai waɗanda suka yi na'am da rufewar, musamman a gidajen gandu inda kaka da jika suke kwana a tsakar gida ɗaya da zafin bazara, domin tsoronsu shi ne yaro ya kwaso cuta daga aji ya kai wa tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari, waɗanda su ne cutar ta fi yi wa illa. Akwai kuma waɗanda suka ga cewa hana yaro zuwa makaranta bai killace shi ba, domin magidancin da ke neman na cefane kullum ba ya iya tsare yara a ɗaki, sai dai yaron ya koma garejin babura ko bakin kogin Binuwai, yarinya kuma ta ɗauki farantin talla ta bi unguwannin Yelwa da Rumde Ajiya. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa labarin rufewa da na buɗewa duk a rediyo suka ji, ba tare da an tambaye su halin da gidajensu suke ciki ba.

Lokacin da rufewar ta faɗo ya ƙara wa arewa nauyi. Daga watan Mayu zuwa Yuni damina take sauka, gonakin auduga da masara da gyaɗa da dawa suna neman hannu, kuma yaron da ya shafe watanni yana noma ko kiwo ba kullum yake komawa aji ba, musamman idan da ma karatun bai kama shi sosai ba. Lamarin 'ya mace ya fi tsanani, domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan Kamaru masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihohin arewa suna cikin waɗanda abin ya fi yawa. A gidaje da dama rajistar makaranta ita ce uzurin da uwa take bayarwa idan manema sun zo, saboda haka idan makaranta ta rufe ba ranar buɗewa, uzurin ya faɗi. Saliyo ta ga irin wannan a lokacin annobar Ebola, inda makarantu suka shafe kusan wata tara a rufe tsakanin 2014 da 2015, aka kuma samu ƙaruwar juna biyu a tsakanin 'yan mata masu ƙananan shekaru.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike giɓin da darussan da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CRTV, ya fara watsawa a watan Afrilu 2020, sai dai wannan hanya tana buƙatar akwatin talabijin da wutar lantarki da kunnen da ya saba da Faransanci ko Ingilishi. Wutar jihohin arewa ta dogara ne galibi a kan madatsar ruwa ta Lagdo, wadda ruwanta ke ja baya da rani, daidai lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ƙauyuka masu yawa kuwa ko turakun wuta ba su kai gare su ba. Yaro ɗan aji biyu da ya tashi da Fillanci ko Hausa ko Tupuri ko Gidar a bakinsa yana koyon Faransanci ne daga malamin da ke tsaye a gabansa, wanda yake maimaita masa kalma, ya nuna da hannu, ya duba allonsa ya gyara masa harafi. Darasin da aka ɗauka a Yawunde ba ya jiran wanda bai gane ba, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa ya wuce ke nan. Sakamakon haka shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan ma'aikaci a birni da ɗan manomi a Tcholliré ko Poli ta ƙara faɗi, a yankin da gwamnati da kanta ta sa cikin yankunan fifikon ilimi, wato wuraren da ta amince sun fi koma baya a shiga makaranta da kammala ta.

Malamai su ma suna da tasu damuwar, kuma ta kasu gida biyu. Ta farko ta lafiyarsu ce, domin malami baligi ne, wani ma ya manyanta, kuma shi ke tsayawa gaban aji mai yara fiye da ƙima, huɗu ko biyar a benci guda, a makarantar da sau da yawa ba ta da famfo ko rijiya. Da aka ƙayyade ɗalibai 50 a kowane aji a watan Oktoba 2020, aka raba yara rukunin safe da na yamma a inda suka yi yawa, awoyin karatun kowane yaro sun ragu, aikin malami kuma ya ƙaru. Bokiti mai famfo da aka ajiye a ƙofar aji ba ya wanke hannu sai an samu mai zuba masa ruwa kowace safiya da mai sayen sabulu kowane mako, kuma wannan nauyi a kan shugaban makaranta da iyaye ya sauka. Damuwa ta biyu ta abinci ce. Makarantun firamare na karkarar arewa sun dogara ƙwarai a kan malaman iyaye, wato malaman da ba sa cikin albashin gwamnati, ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar ce take biyansu daga gudummawar da take tarawa. Da karatu ya tsaya gudummawa ta tsaya, haka ma kuɗin da makarantu masu zaman kansu suke biyan malamansu da shi, malamin da yunwa ta kora kuwa zuwa haya da babur ko kasuwanci ba lallai ne ya dawo riƙe alli ba.

Ilimin da aka samu daga baya ya goyi bayan taka-tsantsan wajen rufewa. A watan Satumba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNESCO sun ba da shawarar cewa rufe makaranta ya zama mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci, kuma a wurin da cuta take yaɗuwa sosai kaɗai. Dalili shi ne ƙwayoyin bairos, wato ƙananan ƙwayoyin cuta da ba sa hayayyafa sai a cikin jikin mai rai, ba halinsu ɗaya ba. Korona ta fi tsananta ga tsofaffi, ƙyanda kuwa yara take kamawa kuma allurar rigakafi ce babban makaminta, Ebola kuma ta hanyar taɓa jini da sauran ruwan jikin majiyyaci take yaɗuwa. Kowace annoba tana buƙatar a auna ta da nata ma'auni, gunduma bayan gunduma.

Arewa tana da waɗanda za su yi wannan awo. Akwai reshen Cibiyar Pasteur a Garwa mai gwajin cututtuka, akwai gundumomin lafiya, akwai majalisun jihohi da aka zaɓa a karon farko ranar 6 ga Disamba 2020 ƙarƙashin dokar raba iko ta Disamba 2019, wadda ta ba jihohi da ƙananan hukumomi hannu a harkar makarantu. Akwai kuma lamiɓe da limamai da shugabannin coci waɗanda jama'a ke jin maganarsu, kuma marigayi Lamidon Garwa Alim Hayatou, wanda ya rasu a watan Afrilu 2021, ya haɗa sarauta da muƙamin ƙaramin minista mai kula da yaƙi da annoba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma ya umarci ma'aikatun ilimin firamare da na sakandare da ta lafiya su fitar da ƙa'ida ɗaya da za ta ƙunshi abubuwa biyar. A ɗora hukuncin rufewa a kan alƙaluman kowace gundumar lafiya, gwamna ya yanke shi bayan ya ji wakilan iyaye da ƙungiyoyin malamai da masu makarantun allo da na Islamiyya. Kowace rufewa ta zo da ranar sake dubawa da aka sanar tun farko, kuma kada a sassauta wa mashaya da wuraren shaƙatawa kafin makarantu. A ware asusun gaggawa da zai riƙe malaman iyaye muddin aji yana rufe. A tanadi darussan rediyo da takardun aikin gida tun kafin buƙata ta taso, tare da bayani ga iyaye cikin Fillanci da Hausa da Larabcin Shuwa da sauran harsunan yankin. A ƙarshe, a wajabta wa kowane shugaban makaranta ya bi rajistarsa suna bayan suna idan an buɗe, ya kai wa mai unguwa sunan duk yaron da bai dawo ba, musamman 'yan mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma iyakar da arewa ta haɗa da Nijeriya da Chadi da Afirka ta Tsakiya tana nan da zirga-zirgarta, kuma wata annoba za ta iya ɓullowa a kowace shekara. Rubuta wannan ƙa'ida da samar da ruwa a makarantu aiki ne da za a iya farawa a cikin kasafin kuɗi mai zuwa, kuma iyaye da malaman arewa a shirye suke su zauna a teburin da za a tsara ta.

Allah ya taimaki Mai Girma, ya kare yaran ƙasa baki ɗaya.

Daga mai kishin ilimin yaran arewa,
Garwa, Jihar Arewa.