FAGEN WASANNI: Fili, bashi da alƙali a tamaular Ostiraliya

A birnin Melbon na ƙasar Ostiraliya akwai wata irin tamaula wadda ba ta yi suna a sauran ƙasashen duniya ba, amma a can ita ce abin hira a kasuwa da wurin aiki tun daga watan Maris har ƙarshen Satumba. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, filin ma haka yake, kowane ɓangare mutum 18, ana bugu da ƙafa ana kuma cafewa da hannu. A kowane ƙarshen fili an kafa sanduna 4. Wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ya bi ta tsakanin biyun tsakiya ya samu maki 6, wanda nasa ya bi ta gefe maki 1. Hukumar da ke riƙe da babbar gasar ita ce AFL. Kafin shekara ta 1990 sunanta VFL, domin asalin gasar ta jihar Biktoriya ce, inda Melbon take.

Galibin tsofaffin ƙungiyoyin birnin ba su da wani attajiri guda da ya mallake su. Na membobi ne, masu yankan kati kowace shekara, su zaɓi shugabanni, su kuma tsige su in ta kama. Don haka mai goyon baya a can yana magana da bakin mai gida. Kukansa bai cika wuce abu uku ba: filin da ƙungiyarsa ke wasa, kuɗin da ake raba mata, da hukuncin da kotun wasa ke yanke wa ƴan wasanta. Babu waɗanda suka ɗanɗana dukkan ukun kamar mutanen Footscray.

Footscray unguwa ce a yammacin Melbon, mazaunin ma'aikatan masana'antu da mahauta da baƙi masu neman abinci. Ƙungiyarta ta shiga gasar a 1925, ta ci kofi a 1954, daga nan sai kofi ya yi mata nisa. A shekara ta 1989 bashi ya kai mata wuya, wajen dalar Ostiraliya miliyon 2, ga filinta na Western Oval ya tsufa, ga iska mai kaɗawa da ƴan wasan waje ke ƙyama. Ranar 3 ga watan Oktoba na wannan shekara aka wayi gari da labarin cewa hukuma, ƙarƙashin shugabanta Ross Oakley, ta shirya haɗe Footscray da ƙungiyar Fitzroy. Sabuwar ƙungiya za ta yi wasa a wani fili can daban, yamma kuma ta zauna ba ta da kowa. An ce haɗewa ce, amma mutanen unguwa sun gane haɗiyewa ake nufi.

Wata mata daga cikin membobi ta kai ƙara babbar kotun jiha, wani lauya ɗan unguwar mai suna Peter Gordon ya shige gaba. Aka ba su mako uku su tara dala miliyon ɗaya da rabi. Ranar Lahadi 8 ga wata mutum fiye da 10,000 suka cika Western Oval, aka tara wajen dala 450,000 a yini guda. Sauran kuɗin a kan titi aka samo su, da gwangwani a hannu, gida gida, mahaɗar hanya bayan mahaɗar hanya, har magoya bayan wasu ƙungiyoyi suna sa nasu, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Kafin wa'adi ya cika an tara abin da aka nema, aka fasa haɗewar, Peter Gordon ya zama shugaban ƙungiya.

Ita Fitzroy, wadda aka so ta haɗiye maƙwabciyarta, ba ta yi wannan sa'a ba. Tana cikin ƙungiyoyin da suka buɗe gasar a 1897, ta ci kofi sau 8, na ƙarshe a 1944. Ciwonta ya faro tun ƙarshen 1966, lokacin da ta bar filinta na gado a titin Brunswick saboda lalacewarsa. Shekara 30 ta yi tana yawon haya: Princes Park, Junction Oval, Victoria Park, ta koma Princes Park, daga bisani, daga 1994 zuwa 1996, ta tare a Western Oval, wato a gidan waɗanda aka taɓa shirya ta cinye. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama a rumfar haya ya san yadda wannan lissafi yake. Mai rumfa ne ke ɗaukar nasa tun kafin a yi ciniki, masu saye kuma ba sa bin mutum duk inda ya ƙaura. A 1996 wani kamfanin inshora na tsibirin Nauru, mai bin ta dala miliyon 1.25, ya sa aka naɗa mata mai kula da dukiya. Shugabanninta sun so su haɗe da North Melbourne don su tsaya cikin gari, sauran ƙungiyoyi suka ƙi, suna tsoron kada a haifar musu da gagarabadau. Aka miƙa ta ga Brisbane, mai nisan fiye da kilomita 1,300. Wasanta na ƙarshe a Melbon Richmond ta doke ta da ratar maki 151, na ƙarshe duka kuma ta yi shi a birnin Perth ranar 1 ga Satumba 1996.

Sabuwar Brisbane Lions ta ci kofi sau uku a jere, daga 2001 zuwa 2003. Wasu tsofaffin mutanen Fitzroy suka bi ta da murna, wasu suka rantse ba su ƙara kallon gasar. Ragowar ƙungiyar tana nan tana wasa cikin gasar masu yi don sha'awa, a tsohon filin titin Brunswick ɗin da ta bari.

A waɗannan shekaru ne hukuma ta ɗauki manufar tattara wasannin Melbon cikin manyan filaye ƙalilan. Essendon ta daina karɓar baƙi a Windy Hill bayan 1991, St Kilda ta bar Moorabbin bayan 1992, Collingwood ta bar Victoria Park a 1999, Carlton ta yi wasanta na ƙarshe a Princes Park a 2005. Footscray ma, da ta sake suna ta koma Western Bulldogs a ƙarshen 1996, ta yi ban kwana da filinta a 1997. Hujjar hukuma ba ta banza ba ce: tsofaffin filayen akasarinsu na tsaye ne, ba rufi, ba isassun makewayi, iyali ba sa jin daɗin zuwa. Aka bar manyan filaye biyu, MCG mai ɗaukar mutum 100,000 da na Docklands mai rufi wanda aka buɗe a 2000. Sai dai a lokacin Docklands na kamfani ne mai neman riba, kuma ƙananan ƙungiyoyin da aka tura can, Bulldogs da St Kilda da North Melbourne, sun yi shekaru suna kukan cewa ranar da ƴan kallo suka yi kaɗan, maimakon su karɓi kuɗin ƙofa su ne ke cika wa mai fili. Sai a 2016 AFL ta sayi filin da wajen dala miliyon 200.

A shekarar da Bulldogs ta bar gida ne kotun wasa ta yi mata tabon da har yau ba a manta ba. Ana bukatar a fahimci yadda abin yake. Bayan kowane mako ana duba hotunan wasanni, wanda aka samu da duka ko karo mai haɗari a tuhume shi, in bai yarda ba ya gurfana gaban kotun hukuma da lauyansa, daga nan akwai ɗaukaka ƙara. Akwai kuma lambar girma ta Brownlow, wadda alƙalan fili ke jefa wa ƙuri'a bayan kowane wasa, maki 3 da 2 da 1, ana ba da ita ga gwani mai tsabtar wasa. Duk wanda aka dakatar cikin shekara, ko na wasa ɗaya ne, ba ya cin ta.

A 1997 Chris Grant, gwarzon Bulldogs, ya kai hannu ga Nick Holland na Hawthorn. Alƙalai uku da ke cikin fili ba su ga abin tuhuma ba. Wani babban jami'in hukuma, Ian Collins, shi ya aika da maganar kotu, aka dakatar da Grant wasa ɗaya. Daren ƙidayar ƙuri'u Grant ya samu 27, Robert Harvey na St Kilda 26, aka rataya wa Harvey lamba. Kwana biyu kafin wannan dare Adelaide ta fitar da Bulldogs da ratar maki 2 a wasan kusa da na ƙarshe, wasan da mutanen yamma ke rantsuwa har gobe cewa bugun Tony Liberatore ya bi ta tsakiya aka rubuta masa maki 1.

Tun daga nan duk hukuncin da ya yi wa wata babbar ƙungiya daɗi sai a tuno Grant. A 2005 Barry Hall na Sydney ya naushi Matt Maguire a ciki, aka sassauta tuhumar, ya buga wasan ƙarshe ya ɗaga kofi. A 2022 aka dakatar da Patrick Cripps na Carlton wasa biyu, majalisar ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bisa kuskuren da ta ce an yi wajen bin ƙa'idar shari'a, ya je ya ci Brownlow da ratar ƙuri'a ɗaya. A 2023 Brayden Maynard na Collingwood ya yi tsalle don tare bugu, ya faɗa wa Angus Brayshaw na Melbourne a ka har ya suma. Kotu ta wanke shi, Collingwood ta ci kofi, Brayshaw kuwa ya bar wasa a Fabrairun 2024 bisa shawarar likitoci, yana ɗan shekara 28. Hukuma da kanta ta gyara dokar bayan haka, abin da ya nuna ita ma hukuncin bai kwanta mata ba.

Amma mai cewa kotu ta manya ce yakan tsallake wasu shafuka. Collingwood, wadda ba a fi ta yawan jama'a da baki ba, ta shiga wasan ƙarshe na 2002 ba Jason Cloke, na 2003 ba Anthony Rocca, duk kotu ta dakatar da su, kuma duka biyun ta sha kashi. Tun a 1951 aka dakatar da John Coleman, tauraron Essendon, ana gab da wasannin ƙarshe, ƙungiyarsa ta rasa kofi da maki 11. Ranar da Bulldogs ta ci nata kofin a 2016, bayan jiran shekara 62, mutanen Sydney ne suka koma gida suna ƙirga bugun laifi 20 da aka ba Bulldogs, su aka ba su 8, ba a kuma ji mutanen yamma sun taya su kuka ba. Abin da za a iya kama kotun da shi shi ne rashin tsayawa kan mudu guda daga shekara zuwa shekara, da barin ƙofa ga wanda lauyansa ya fi iya zaren magana. Son kai na dindindin ga wata ƙungiya kuwa, tarihin hukunce-hukuncen bai nuna shi ba. Kuma babu ƙungiyar da dakatarwar mako ɗaya ko biyu ta kashe, alhali rashin fili da bashi sun kashe Fitzroy.

Yanzu gardamar kuɗi ta sake kama. Tun cikin shekarun 1980 aka sa iyaka ga jimillar albashin ƴan wasa, aka kuma tsara ɗaukar matasa yadda ƙungiyar da ta zo ƙarshe ke fara zaɓe. A 2022 AFL ta sa hannu kan cinikin nuna wasanni a telebijin na dala biliyon 4.5, daga 2025 zuwa 2031, tana kuma ba raunanan ƙungiyoyi kaso mai tsoka fiye da na masu ƙarfi. Magoya bayan manya na cewa guminsu ake ciyar da wasu da shi, na ƙanana na amsa cewa manya ne ake ba ranakun biki da wasannin daren Juma'a masu kawo talla. Tsere ya koma kan gine-ginen horo, kuma a nan aljihun gwamnati ake dubawa. A 2004 faraminista John Howard ya yi alkawarin dala miliyon 8 don gyaran tsohon filin Footscray, wanda aka raɗa wa suna Whitten Oval don tunawa da gwarzonsu Ted Whitten. Geelong, wadda ta ƙi barin filinta na Kardinia Park, ta samu gwamnatoci sun yi ta faɗaɗa mata shi har ya kai mazaunin mutum 40,000, ta kuwa ci kofi a 2007, 2009, 2011 da 2022. Mutanen sauran ƙungiyoyi ba sa gajiya da haɗa waɗannan abubuwa biyu.

Inda maganar ta fi zafi shi ne tsibirin Tasmaniya, wanda ya daɗe yana haifar gwanaye ba shi da ƙungiyar kansa. A watan Mayu 2023 AFL ta yarda ta ba shi gurbi na 19, bisa sharaɗin a gina sabon fili mai rufi, mai ɗaukar mutum 23,000, a bakin ruwan birnin Hobart. Da farko an ƙiyasta dala miliyon 715, gwamnatin tarayya ta ɗauki 240, ita AFL da ta kafa sharaɗin ta sa 15 kacal. Mutum fiye da 200,000 suka yanki katin kafa ƙungiya a kan dala 10, wasu dubbai kuma suka fito titi suna cewa suna son ƙungiya amma jiha mai ƙarancin gidaje da gadajen asibiti ba ta da rarar wannan gini.  Ƙiyasin ya haura dala biliyon ɗaya, hukumar tsara gine-gine ta jiha ta ba da shawarar kada a yi, amma a ƙarshen 2025 majalisar dokokin jihar ta amince. An tsayar da shekara ta 2028 don ƙungiyar, mai suna Tasmania Devils, ta fara wasa cikin babbar gasa.