Daga Bakin Rumfa: Kafin Ka Ɗaura Wa Babur Mariƙin Totur

  

A makon jiya wani yaro ɗan kasuwa mai kai kaya tsakanin Tamale da Yendi a ƙasar Gana ya turo mini saƙon murya. Ya ce, "Baba, na ga wani ɗan abu a waya da ake maƙala wa hannun babur ya riƙe totur, mutum ya ɗan huta. Wallahi hannuna na dama ya addabe ni. In saya ne?" Na ce masa ya yi haƙuri ya jira wannan fili, don amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma na san ba shi kaɗai ke da ciwon ba.

Ni dai a Garwa nake zaune, nan arewacin Kamaru. Yadi da takalman roba da turare nake sayarwa, kuma babur ne jakina. Ran Lahadi ina cin kasuwar Pitowa, wannan kusa ce. Wadda ke gasa ni ita ce tafiyar Ngaundare, kusan kilomita 280, inda jirgin ƙasa mai tasowa daga Yawunde yake ƙarewa. Tun da na haura hamsin, in na yi awa biyu a kan hanyar nan sai babban yatsana da manuni da na tsakiya su sage, in riƙa jin kamar kiyashi na yawo a ciki. Akwai ranar da na sauka na kasa ƙirga kuɗin mai, sai da yaron gidan man ya taya ni.

To, ga wautar da na tafka, ku ji ku kiyaye. Wata rana na yanki roba irin wadda muke ɗaure kaya da ita, na naɗe ta a bakin totur ta matse shi. In na murɗa, sai ya tsaya inda na bar shi. Na ji daɗi, har ina yi wa kaina kirari. Ranar da abin zai faru lokacin hutun makaranta ne, na goyo ɗana ɗan shekara 16 don ya fara sanin hanya. Mun wuce Ngong, kwalta ta miƙe, na saki hannu ina yarfe shi. Sai ga shanu sun ɓullo daga daji suna tsallaka titi. Shekara da shekaru hannuna ya saba da abu ɗaya: in na sassauta, totur ya koma da kansa. Ran nan bai koma ba. Na damƙi birkin gaba alhali inji na ci gaba da ja, na kauce gefen titi, tayar gaba ta zame a kan tsakuwa, sai ga mu a ƙasa. Yaro ya kurje gwiwa da tafin hannu, ni kuwa kafaɗata ta goce. Mako shida ban fita kasuwa ba.

Da muka dawo gida, uwar yaron ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, kai ka hutar da hannu, ni kuma in rasa ɗa?" Har yau maganar nan ta fi gocewar kafaɗar yi mini ciwo.

Saboda haka abu na farko da nake so kowa ya gane shi ne, mariƙin totur ba gudu yake riƙewa ba, totur yake riƙewa. A manyan motoci da manyan baburan Turai akwai na'ura mai kwamfuta da ke tsayar da gudu a inda ka sa shi, kana taɓa birki ta saki. Wannan ɗan abin da ake tallata mana ba shi da wannan wayon. Matse hannun totur kawai yake yi don kada sifirin ya mayar da shi. In ka zo hawa, gudu ya ragu. In ka zo gangara, babur ya ƙara wuta da kansa. Wanda ya san gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Mbe, da kwanoninsa da tireloli masu tafiya Cadi, ya san abin da nake nufi. Kuma yawancinsu, ko ka ja birki ba sa saki. Kai ne za ka mayar da totur da hannunka.

Ku yi lissafi da ni. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In ka ɓata daƙiƙa biyu kana laluben yadda za ka saki abin, ka ci sama da mita 30 ba ka rage komai ba. Ni tsakanina da shanun nan bai fi haka ba. Ga shi kuma hannun daman nan shi ke da totur, shi ke da birkin gaba, wanda shi ne mafi ƙarfi wajen tsayar da babur.

Yanzu bari in kawo irin waɗanda ake samu.

Na farko shi ne matashin tafi. Wani ɗan faffaɗan roba ne mai kama da cokali da ake zura wa hannun totur, ka ɗora gindin tafinka a kai. Nauyin hannunka ne ke riƙe totur, ba sai ka damƙe da yatsu ba. Wanda ya yi suna shi ne Crampbuster, amma masu kama da shi 'yan Cana sun cika kasuwa. Wannan ba ya kulle komai, kana ɗaga hannu totur ya koma. Shi ya sa na fi yarda da shi. Sai dai shi ma yana da aibi. In ka faɗa rami, tafinka zai iya danna shi babur ya zabura. Cikin gari da cunkoso, juya shi ƙasa ko ka cire shi. Mu masu sa jallabiya da riga mai faɗin hannu kuma mu kula, bakin hannun riga na iya sarƙewa da shi. Naɗe hannun riga kafin ka hau.

Na biyu shi ne mai kama da almakashi ko matsefin shanya. Yana kama hannun totur, in ka kai gudun da kake so sai ka tura shi da manuni ya jingina a kan hannun birki. Irin su Go Cruise ke nan. Ba ya buƙatar sifana, cikin minti ɗaya ka sa ka cire. In ka mayar da totur gaba da hannu, sai ya zame ya saki. Wahalarsa ita ce saiti: in ya yi sako-sako, girgizar babur ta sa ya riƙa sulalewa, in ka matse shi da yawa, ya koma robata ta ranar nan.

Na uku shi ne na ƙarshen hannu, wani noti mai haƙora da ake murzawa da ƙaramin yatsa ya matse totur daga gefe. Kaoko, na Afirka ta Kudu, shi ne sananne. Wannan sai babur mai ƙarfen nauyi a bakin hannu, kuma kowane babur da nasa ake ƙerawa. Yawancin baburanmu masu siisii 100 zuwa 150, su Boxer da TVS da Haojue da Sanili, da wuya ka samu wanda ya dace da su, kada ka wahalar da kuɗinka.

Na huɗu shi ne mai maɓalli, irin su Atlas, ka danna da babban yatsa ya kama, ka danna ya saki. Akwai ma wanda ake haɗawa da hannun birki, kana jan birki ya saki. Suna da kyau, amma tsadarsu ta masu manyan babura ce, kuma sai akwai 'yar tazara tsakanin robar hannu da gidan maɓallai kafin su zauna.

Na biyar shi ne namu na gida: roba, waya, tsumma, igiya. Wannan kam, don Allah, kada ka yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

In ka nace sai ka saya, ga yadda za ka tantance. Da farko auna. Ƙarfen hannun yawancin ƙananan babura milimita 22 ne, na wasu manya kuma inci ɗaya, kuma kaurin robar da ke kai ya bambanta. In saƙo za ka bayar a sayo maka daga Duwala ko Kano ko Kumasi, zagaya robar hannunka da zare, ka yanke, ka ba ɗan saƙon. Sannan gwaji, tun babur na tsaye inji a kashe: murɗa totur, kama shi da mariƙin, sa'an nan ka mayar da shi da yatsu biyu kacal ba tare da ka taɓa mariƙin ba. In bai koma cikin sauƙi ba, ba naka ba ne, ko kyauta aka ba ka. Bayan haka saki mariƙin, ka karya kan babur dama har ƙarshe, ka murɗa totur ka saki, ka karya hagu ka sake. Dole ka ji ya koma da kansa, ƙwas, kowane gefe. Duba kuma bai tare hannun birki ba, bai hana yatsunka kai masa ba. Ka tuna da yanayinmu: a Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, roba ta yi laushi, filastik mara kyau ya tsage. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ma suna canza yadda abin ke kamawa. Saitin jiya ba lallai ya zama na yau ba, gwada kowace safiya. Araha ba ta ado.

Ina ake amfani da shi? A miƙaƙƙiyar kwalta, da rana, inda kake hango nesa, ba gari, ba kasuwa, ba makaranta, ba dabbobi. Ka kama, ka buɗe yatsu ka yarfe hannu na 'yan daƙiƙoƙi, ka mayar da hannu, ka saki. Shi ke nan aikinsa. Ba don amsa waya aka yi shi ba, ba don ɓare goro ba. Ban da burji, ban da yashi, ban da ruwan sama, ban da dare, ban da gangara, ban da kusa da shingen jandarmomi. Ni na ƙara wa kaina doka: in da mutum a bayana, ba na taɓa shi. Kuma ka koya wa hannunka na hagu tun yau: in totur ya maƙale, damƙe kuloci tukuna, inji zai yi ihu amma ya daina jan taya, sai birki, sai ka kashe da makulli. Da yawa daga ƙananan baburanmu ba su da maɓallin kashe inji a hannu, kuloci ne mai cetonka.

Amma fa gaskiyar da na gano bayan na warke ita ce, rabin ciwon hannuna ba rashin mariƙi ba ne. Da na kai babur gareji, bakanikena ya murɗa totur sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ai wannan ko ɗan dambe ne zai gaji." Kebul ɗin ya bushe, ƙura ta cika shi, ya fara tsintsinkewa a ciki. Ya canza shi, ya wanke bututun totur, ya bar masa ɗan wasa na milimita biyu zuwa shida kamar yadda ake so. Ya cire tsohuwar robar hannu da ta sulɓe ta zama kamar ƙashi, ya sa mai kauri da laushi. Ya sassauta noti ya ɗan sunkuyar da hannun birki da na kuloci, yadda wuyan hannuna zai miƙe ba a lanƙwashe ba. Ya ɗaure notocin inji da suka saki, girgiza ta ragu. Duka kuɗin bai kai na cika tanki biyu ba. Ni kuma na sayi safar hannu mai ɗan soso a tafi, na koyi riƙe babur da cinyoyi in sassauta damƙa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Kowace awa ɗaya nakan tsaya a inuwa in sha ruwa in motsa yatsu. Lokutan salla ma sun raba mana hanya tun asali. Yau matashin tafi kaɗai ke kan babur ɗina, kuma ina isa Ngaundare in ƙirga kuɗina da kaina.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi duka. In sagewar tana wucewa bayan ka sauka da 'yan mintoci, gajiya ce da girgiza. Amma in tana tashinka da dare, ko kofin shayi na suɓuce maka, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, to jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ke matsuwa, kuma wannan aikin likita ne, ba na mai sayar da kayan babur ba. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne ke sagewa, wata jijiyar ce daban, ita ma a duba. Mu da muka manyanta mu gwada suga, don ciwon suga ma na kashe jijiyoyin hannu da ƙafa. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai, asibiti nan take.

Iyayen gida mata, ku ne kuke fara gani. In maigida ya dawo yana yarfe hannu, yana kasa ɓalle maɓallin riga, ku matsa masa. Ku kuma iyaye maza, in kun sa wani abu a totur, ku cire shi kafin yaro ya ari babur zuwa aike. Shi bai san da shi ba, kuma hannunsa zai yi abin da nawa ya yi ran nan.

Ɗana na Tamale, ga amsarka: fara da gareji, sai matashin tafi, sai hutu a hanya. In duk ka yi bai isa ba, sayi mariƙin da yatsu biyu ke iya rinjaya. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya sa mu tarar da iyali cikin alheri. Sai mako mai zuwa in da rai da lafiya.