Idan jari ya karye a Kudu, me doka ta tanada wa ɗan kasuwa?

Tun rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, akwai mutanenmu da har yau ba su miƙe ba. A kara kowa ya san yadda abin yake: mahauci ya ɗauki sa bashi, dillali ya tsaya masa, mai shanu na can Potiskum yana jiran alat. Mutum ɗaya ya kasa biya, uku ne suka faɗi.

Najeriya na da dokar karayar arziki tun 1979. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar, a tattara dukiyar mutum a raba wa masu binsa, daga baya ya nemi a sallame shi. Kafin sallamar ba zai zama daraktan kamfani ko ɗan majalisa ba. Amma wallahi ban taɓa jin wani a Agege ko Lokpanta ya bi wannan hanyar ba. Kuɗin lauya kaɗai ya isa ya cinye guntun jarin.

Gyaran da ya shigo shi ne dokar kamfanoni ta 2020. Ta ba kamfanin da bashi ya danne damar sasantawa da masu binsa, ya biya a hankali ba tare da an rufe shi ba. Matsalar ita ce kamfani take nufi. Yawancinmu sunan kasuwanci kawai muka yi wa rajista, in ma an yi, shi kuwa ba ya raba dukiyarka da ta kasuwar: bashi zai iya bin ka har gida da fili. Mahaifina ya tsufa a fataucin shanu, ban taɓa ganin ya sa hannu a takardar ciniki ba. Amana ce jarinsu, kotu kuma hujja take nema.

Abin da ya fi damuna shi ne gudu. Mutum ya ji an ce za a kai shi caji ofis, sai ya kashe waya ya hau motar dare. Alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama ɗan'uwansa a madadinsa. Ana yi, na sani, amma ba bisa doka ba. Gudun ne ke ba mai ƙara damar cewa zamba aka yi masa, kuma wanda ya gudu ba mai sake ba shi ko akuya bashi.

A ganina, gara a zauna gaban Sarkin Hausawa ko shugaban kara, a rubuta abin da ake bin ka da yadda za ka biya, shaidu su sa hannu. Idan kai ma kana bin mahauta, Legas na da kotun ƙananan basussuka tun 2018, ba sai da lauya ba. Je da rasit da shaidar tura kuɗi ta banki.