Kyautar Kirsimati Da Aikin Hannu

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata.

Ran 25 ga Disamba ta matso. Na lura da yawanmu mu kan ci bashi mu sayi kayan kanti domin kyauta, sa'an nan Janairu ya zo da kuɗin makarantar yara, albashi kuwa ya riga ya ƙare. Ina amfanin wannan?

Ni dai bana da hannuna na ke yi. Yanzu ne duma ya bushe a gona. Na sami biyar, na fafe, na kankare, ina zana su da wuƙa mai zafi in na taso daga ofis. Amma a yi hankali, in wuƙar ta yi ja ƙwarai ta kan huda ƙwaryar. Uwargidana kuwa tana ɗinkin faifai da kaba, tana rina shi da karan dafi. Tsohuwarmu, da ya ke hunturu ne, man kaɗanya za ta samu cikin ƙoƙo mai zane. Maƙwabcina Musulmi, wanda ya kan aiko mana da naman layya, zan kai masa ludayin shan fura biyu.

Mai niyya ya fara tun yau, gama zanen ƙwarya guda ya kan ci mini dare uku.

Ni ne naka,
Akawu, Wusasa.