Gem ɗin "kyauta" da ke cinye kuɗin abincin ɗalibi

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan digirin farko, akwai wata magana da nake so mu yi ta gaskiya. Duk sanda aka ɗauko zancen gem a hostal, gardama iri ɗaya ake yi: wannan ya ce ɓata lokaci ne, wancan ya ce hutun ƙwaƙwalwa ne, a yi ta ja-in-ja har a kira sallah. Ni ina buga gem, kuma ba ni da niyyar dainawa. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka sauya wa gem ɗin fasali, har ya zama hanyar tatsar aljihu, mu kuma muna ta tafi.

Mu da muka taso a zamanin gidan gem mun san yadda abin yake. PS2 ce da talabijin mai ƙusumbi, ka biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya koma benci. A PES 6 kowa na rububin ɗaukar Inter saboda Adriano, amma Adrianon nan na kowa ne, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk shi suke samu. Kuma wasan yana da ƙarshe. Kuɗinka ya ƙare, ko NEPA ta ɗauke, ko mai shago ya ce zai rufe, shi ke nan kowa ya kama gabansa.

Yanzu fa? Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, sannan a 2021 Konami ta mayar da PES ya koma eFootball. Duk kyauta ake sauke su. To ina kamfanin yake samun kuɗi? Daga cikin wasan. PUBG na sayar da UC, Free Fire na sayar da daimon, Call of Duty na da CP, eFootball na da nasa sulallan. Da a ce ka biya ne a ba ka abin da ka nuna, da sai mu ce ciniki ne. Amma sau da yawa abin da kake saya damar gwada sa'a ce. Ka zuba kuɗi, a juya, ko ɗan wasan da kake so ya faɗo ko a ba ka wani da ba ka ma san sunansa ba. A Call of Duty kuwa duk juyin da ka yi, na gaba ya fi shi tsada, kuma babbar bindigar da ake kwaɗayi galibi sai can ƙarshe take fitowa. Wanda ya riga ya yi juyi shida zai ga ai asara ce ya tsaya a nan. Wallahi ba kuskure ba ne aka tsara shi haka.

Ga tambayata. Mu 'yan Arewa, yawancinmu ko da kuɗi aka haɗa mu ba za mu shiga shagon cacar ƙwallo ba. Kunya ma kaɗai ta isa. A 2024 Hisbah ta rufe irin waɗannan shaguna a Kano, mutane da yawa suka yaba. Amma yaron da zai kauce wa ƙofar shagon caca a Gwagwalada, shi ne zai kwanta a kan katifarsa ƙarfe biyun dare ya tura kuɗi don ya juya akwati. Biyan kuɗi, jiran sa'a, bugun zuciya, da "bari in ƙara ɗaya kawai". Me ya rage?

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: ai a gem ba ka tashi hannu rabbana, ko yaya sai an ba ka wani abu, kuma ba a cire kuɗi. Na yarda akwai bambanci, hukuncin kuma na malamai ne, ya kamata ma a kai musu tambayar da cikakken bayanin yadda abin ke aiki. Sai dai duk wanda ke cikin guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan gem ya san ana cinikin akawun. Akawun mai manyan 'yan wasa yana da farashi, ana tayawa ana sallamawa, ana ma damfara. Da zarar abu ya sami kasuwa, to ya zama kuɗi.

Kuma ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan da ake saya da kuɗi sun saɓa wa dokar cacar ƙasar, har EA ta daina sayar da FIFA Points a can a farkon 2019. A Amurka, a Disamban 2022, kamfanin Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, kusan rabinsu saboda dabarun da ke sa mutane sayayya ba da niyya ba. Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa uku a mako. Ban ce mu kwaikwayi Sin ba, wannan ya yi tsauri. Amma ƙasashen da ke ƙera abin ma tsoronsa suke ji.

Mu namu ya fi ciwo, domin farashin da dala aka auna shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da NELFUND ke ba wa naira 20,000 a wata, bashi ne fa, ba kyauta ba, sai ka ga ya yanki wani abu a ciki ya sayi daimon. Na san wani ƙanenmu da ya yi sati yana jiƙa gari saboda rigar wani soja na cikin waya. Rigar da ba ta ƙara masa ko harsashi ɗaya ba.

Ɗaya tarkon kuma na lokaci ne. Kyautar shiga kullum, matsayin da ake rage maka idan sabon zango ya fara, tayin da aka liƙa wa agogo yana ƙirga sa'o'i. Gem ɗin ba ya barin ka tafi hutu, ko da satin jarrabawa ne. Ni da nake fama da babi na uku da gyare-gyaren supabaiza, na kashe sanarwar duk gem ɗin da ke wayata, na cire katin banki daga Play Store. Ni zan nemi gem idan na so, ba shi zai dinga kirana ba.

Shawarata ga ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu a nan Jami'ar Abuja: maimakon a yi ta wa'azin a daina gem, wanda ba mai ji, a shirya gasa a makon ɗalibai. A sami PS ɗaya ko biyu, a ɗauki kulob kamar yadda yake, ba ɗan wasan da aka saya, ba kuɗin shiga da za a tara a ba wanda ya ci. Kyauta ta fito daga asusun ƙungiya, ko da buhun shinkafa ƙarami ne. A sa 'yan mata a ciki, don akwai masu bugawa sosai suna ɓoyewa. Wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya koma benci. Ni zan kawo janareto, wani ya ɗauki nauyin mai.